Likkafanin Kawu Sale a Cikin Kwando

Jikana Nasiru, mai shagon takalma a kasuwar Bab Sharif a nan Jidda, shi ya tono wannan labari. Ya zo gaishe ni wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya ce abokan kasuwancinsa suna zuwa sarin kaya wani gari a kudancin Italiya mai suna Napoli, amma an tsorata shi. Wai garin ƙazanta ne da hayaniya da 'yan sane, gara ya wuce can arewa inda tituna ke da tsabta.

"Jaddi," in ji shi, wato kaka, don 'ya'yan da aka haifa a nan rabin bakinsu Larabci ne, "an ce ka taɓa zuwa. Wallahi ka faɗa mini gaskiya, garin ya cancanci mutum ya je?"

Na buɗe baki zan ce masa a'a, sai na ji kalmar ta ƙi fita. Na ce ya ba ni kwana biyu. Abin da na rubuta masa ke nan, kuma dole na faro daga Jidda, domin wanda bai san Jiddar wancan zamani ba, ba zai gane abin da ya same ni a Napoli ba.

Daga Maiwurno na taso, a bakin kogi can ƙasar Sudan, ina saurayi mai jin kansa. Barin gida ba ni da abin faɗa a kai. Mai kwalekwalen da ya ɗauko mu daga tashar Sawakin ya ƙetare teku da mu, ya sauke mu a wata gaɓa da hantsi, ya nuna wani tudu ya ce Jidda tana bayansa. Kwana biyu muka yi muna taka ƙasa kafin mu ga gida ɗaya. Wannan ita ce cutar farko da aka yi mini a baƙunta, kuma har yau in na tuna fuskarsa, da yadda yake ta sa mana albarka yana ture kwalekwalensa, sai dariya ta kama ni.

Jiddar da na shiga ba mai kyau ba ce, kada wani ya ruɗe ka da hotuna. Zafi ne mai ɗanko, riga ba ta bushewa a jiki. Ƙudaje sun fi mutane yawa. Ruwan sha a kan jakuna ake kawo shi, wani lokaci da ɗanɗanon gwangwani. Alhazai suna sauka daga jirgin ruwa su toshe hanci, burinsu kawai mota ta kwashe su zuwa Makka. A wurinsu Jidda zaure ce, ba wanda ke shimfiɗa tabarma a zaure ya ce ya iso. Amma ni na so ta. Na so dogayen gidajen nan na dutsen teku masu tagogin katako da suka turo kai kan lungu. Na so yadda mai tallan kifi zai tsaya ya yi kira, sai ka ga kwando yana saukowa da igiya daga hawa na uku, ba ka ga mai shi ba sai hannu da awarwaro. A sa kifi, kwando ya koma sama.

A Bab Makka Kawu Sale ya tsince ni, ina zaune a gindin bango ƙafafuna sun kumbura. Ba mu haɗa jini ba. Ya ji ina tambayar ruwa da Hausa ne kawai, ya tsaya ya ƙare mini kallo.

"Ɗan wane ne kai?"

Na faɗa masa.

"Ban san shi ba. Tashi mu je gida."

Gidan a unguwar Mahjar yake, an yi shi da falankai da gangunan ƙarfe da aka buɗe aka miƙar. Matarsa Goggo Hajara tana suyar ƙosai a ƙofar gida. Ba ta tambaye ni komai ba sai da na ci na ƙoshi. Ba su da ɗa. Tun daga ranar ni ne ake aika, ni ne ake yi wa faɗa, ni ne ake ajiye wa ƙanzo.

Kawu baduku ne tun daga gida, mutumin ƙasar Haɗeja, shekara bakwai ya yi a hanya kafin ya iso Makka. A Jidda yana aiki a sito na wani Balarabe Bahadarame mai fataucin fata, kusa da tashar jiragen ruwa. Shi ya kai ni, Bahadaramen ya zama kafilina, wato mai tsaya mini, ya yi mini iƙama, takardar izinin zama. Aikinmu zuba wa fatu gishiri, mu juya su, mu jera. Bayan Babbar Salla sai fatun layya su cika siton har rufi. Warin kuwa ba a magana. In muka shiga masallaci, sahu yakan yi mana faɗi ta dama da hagu, Kawu ya ce mini, "Ka gani ko, Idi? Ko sarki ba a ba shi fili haka."

Akwai wani abu a Jidda da ya shige mini jiki ban sani ba. Da ladan ya kira salla, ɗan kasuwa ba ya kulle shago. Raga ko tsumma yake yafawa a kan kaya, ya tafi. Har masu zinariya na gani suna haka. Ɗan dako ya ajiye kayan mutane a bakin hanya, ya ɗora rawaninsa a kai alamar da mai shi, ya dawo ya tarar da su. Shekara huɗu ina yin haka, ban taɓa rasa ko allura ba.

Kawu yana da wata jaka ta jar fata, ɗinkin hannunsa, da ado da tuntaye. A ciki likkafaninsa yake. Shekarar da ya fara aikin Hajji ya sayi farin yadi, ya wanke shi da ruwan zamzam, ya shanya a harabar Harami kamar yadda alhazai ke yi, ya naɗe. Ko Abhur muka je wankan teku da ita yake zuwa. Goggo takan ce, "Jakar nan ta fi ni sanin gari." Shi kuma ya ce, "Ai ita za ta raka ni inda ba za ki je ba." Ban da jakar, yana da ɗan gwangwanin zamzam da aka liƙe da dalma, bai fi gwangwanin madara ba, kullum yana aljihunsa.

Wata shekara Bahadaramen ya sayar wa majema na Italiya da fatu cikin jirgi guda. Ana bukatar mutum biyu su bi kayan suna juyawa suna ƙara gishiri, kada su ruɓe a hanya. Kawu ya ce zai je, ni ma na ce ƙafata ƙafarsa. Goggo ta soya mana gyaɗa cikin tulu, ta ce mini a bakin ƙofa, "Tsoho na ba ka. Ka dawo mini da shi."

Har muka wuce mashigin ruwan Suwez lafiya lau. Daga nan iska ta canja. Muna fitowa daga cikin jirgi da gumi, sanyin teku ya buge mu. Kawu ya fara tari, tarin ya sauka ƙirji, zazzaɓi ya biyo. Ranar da muka iso Napoli a gadon ɗaukar marasa lafiya aka sauke shi. Kafin a sa shi a motar asibiti ya damƙe hannuna, ya tura mini jakar.

"Riƙe ta kamar ranka. In ta Allah ta kasance a garin nan, a cikin wannan za ka sa ni. Ka yi mini alkawari."

"Na yi, Kawu. Amma tare za mu koma."

"Na ji. Alkawarin dai."

Motar ba ta da wurina. Wakilin jirgin ya rubuta mini sunan asibitin a takarda, ya yi mini nuni da hannu. Na fito ƙofar tasha, na duba rana, na ga la'asar za ta kuɓuce. Ga famfo a gefen titi. Na jingine jakar a gindin bango, na cire hulata na ɗora a kai don a san da mai ita, na yi alwala, na matsa inda babu ruwa na tayar da salla. Sabo turken wawa. Da na sallame na waiga, babu jaka. Hular kuwa ɓarawon ya bar mini ita, ya ɗora ta a kan wani dutse a mutunce.

Na yi gudu gabas, na yi yamma. Na riƙe mutane ina yi musu Larabci, ina yi musu Hausa, suna ɗaga kafaɗa. Wani ɗan sanda ya saurare ni har na gama, ya nuna idonsa da yatsa, wato laifina ne da ban sa ido ba. Ban taɓa tsanar gari kamar yadda na tsani Napoli a wannan yammaci ba.

Bayan kwana huɗu jirginmu ya tashi ya bar mu. Wakilin ya samo mini ɗaki a wani lungu, gidan wata tsohuwa mai suna Karmela. Mijinta ya rasu, kullum cikin baƙaƙen kaya take. Ta yi shekaru a Tarabulus tare da shi, don haka tana jin Larabci, karyayye amma mai kai saƙo. Ranar farko ta dube ni ta ce, "Kai Musulmi. Alade babu, giya babu. Na sani." Ta ajiye mini taliya da tumatir da ɗan kifi. Na ci ina kallon ƙasa, don ba na son in ji daɗin komai na garin.

Amma ido ba ya jin rarrashi. Lungun nan da a ce an rufe mini kunne, sai in rantse a tsohuwar Jidda nake. Gidaje dogaye sun kusa haɗa kai, bango ya yi baƙi, shara a kowace kusurwa, kyanwoyi suna yawo. An ɗaura igiyoyi daga taga zuwa taga, an shanya kaya har ba ka ganin sama sosai. Mutane ba sa magana sai da ƙarfi, hannuwa suna tashi, ka zaci dambe za a yi, ashe gaisawa ake. Da safe na ji mai burodi yana kira, na leƙa, sai ga kwando yana saukowa da igiya daga hawa na huɗu. Na tsaya ina kallo har ya koma. Kewar gida ta kama ni, kuma a ranar na gane cewa in na ce gida, Jidda nake nufi, ba Maiwurno ba.

Kullum ina zuwa asibiti. Wasu mata 'yan coci masu farin lulluɓi ne ke jinya, suna kula da Kawu da kyau, ba zan ci haƙƙinsu ba. Da na zauna, tambayarsa ta farko ita ce jaka.

"Tana nan?"

"Tana nan, Kawu. Na ɓoye ta a ƙarƙashin gado."

Kwana tara ina wannan ƙarya. Daga asibiti sai in bi kasuwannin 'yan gwanjo ina leƙen jar fata. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A rana ta goma na tarar ya rame ƙwarai, numfashinsa yana fita da ƙara. Ya ce in matso.

"Idi, gobe ka zo mini da ita. Ina so in ga ta kusa."

Na durƙusa a gefen gadon na faɗa masa komai, har da hular. Na jira ya tsine mini, ko ya juya fuska. Can sai na ga gadon yana girgiza. Dariya yake yi, har tari ya sarƙe shi, wata mai jinya ta zo tana hararata.

Da ya samu numfashi ya ce, "Hula ka ɗora? A garin Nasara?"

"Na ɗauka kamar gida ne."

"Ina ma na ga fuskar mutumin nan lokacin da ya buɗe. Ya ga jaka mai tuntaye, ya ce yau ya yi arziki." Ya sake yin tari. "Allah ya sa ya ajiye. Shi ma zai bukace shi wata rana."

Ni kuka nake yi. Ya laluba ƙarƙashin matashi ya ciro ɗan gwangwanin nan ya sa mini a hannu.

"Bar kukan. Yadin nan a kasuwa na saye shi, ruwan ne na Makka, ga shi kuwa saura. Ka nemo fari, ko wane iri, ƙyalle uku. Kada dai ka bari su sa mini kwat."

Bayan kwana biyu ya cika, da hantsi, ina riƙe da hannunsa ina maimaita masa kalmar shahada.

Ranar Lahadi ce, kuma ta zo daidai da wani bikinsu. Duk kantin yadi a rufe, har washegari ma ba za a buɗe ba. A asibiti aka fahimtar da ni cewa da safe za a ɗauke shi, in ban kawo abin da za a sa masa ba za su sa masa tufafin da suke sa wa baƙin da ba su da kowa. Na zagaya gari har ƙafafuna suka gaji, ko'ina ƙofar ƙarfe a sauke. Na dawo lungu da azahar na zauna a dokin ƙofar Karmela. Na karya alkawarin farko, ga na biyu ma zai bi shi.

Ta fito ta same ni. "Tsoho ya mutu?"

Na gyaɗa kai.

"Allah yarhamu," in ji ta, yadda ta ji ana faɗa a Tarabulus. "To me kake so?"

Na yi mata bayani da Larabci da hannu. Farin ƙyalle uku, manya, babu ado, babu launi. Na gaya mata na jakar da aka sace. Da ta gane abin da ke cikin jakar, sai ta dafe kai, ta yi wata doguwar magana da harshensu wadda na tabbata zagi ce.

Daga nan ta taka zuwa tsakiyar lungu, ta riƙe ƙugu, ta ɗaga kai sama ta fara kiran sunaye. Tagogi suka buɗe ɗaya bayan ɗaya. Ta yi ta magana tana nuna ni, tana nuna wajen tasha, tana buga ƙirji. Wata daga sama ta mayar mata, wata ta katse ta, lungu ya kaure. Ni dai ina zaune, na ɗauka faɗa suke a kan ta ajiye baƙar fata a gidanta. Sai tagogin suka koma shiru.

Ban daɗe ba na ga kwando na farko yana saukowa. Farin zanen gado ne a ciki, a ninke, da guga. Na biyu ya biyo daga ɗaya gefen. Kafin in miƙe, kwanduna bakwai suna lilo a saman kaina. Mutanen nan fa talakawa ne, na ga abin da suke ci. Karmela ta bi su ɗaya ɗaya tana murza yadin da yatsa, ta mayar da biyar, ta ɗauki biyu. Na ce mata uku nake so. Ta ce, "Usbur," wato in yi haƙuri. Ta shiga ɗaki ta jawo wani akwati daga ƙarƙashin gado, ta ciro na ukun. Ya fi sauran kauri da laushi, yana ƙamshin ganyen da ake sa wa kaya. Na kayan aurenta ne, ba ta taɓa shimfiɗa shi ba. A bakinsa akwai saƙar leshi mai faɗin tafin hannu, ta ce mahaifiyarta ce ta saƙa.

Na ce, "Iya, wannan yana da ado. Ba zai yi ba."

Ta ɗauko almakashi ta yanke leshin tun daga wannan baki har wancan. Matan suka sauko da kujerunsu suka zauna a lungu, suna warware kalmasar zannuwan da allura, suna ta gardama a kan wadda ta fi sauri.

Wakilin jirgin ya samo mini Musulmi biyu a tasha, wani Bayamane da wani Basomale, ma'aikatan wani jirgi. Da safe muka yi wa Kawu wanka. Na huda gwangwanin da ƙusa, na yayyafa ruwan a kan zannuwan uku, bai ko isa ya jiƙa su ba. Na Karmela shi ne ya taɓa jikinsa. Mu uku muka yi masa salla. An ba mu wuri a gefen makabartar gari, can kan tudu inda ake sa baƙi, Bayamanen ya fitar mana da alƙibla. Dokarsu ta ce sai da akwati, ban iya hana wannan ba. Da na ɗago daga zuba ƙasa, sai na hangi matan lungu su tara cikin baƙaƙen kaya, sun tsaya nesa ba su matso ba. Daga wurin ana ganin teku da babban dutsensu mai aman wuta.

Wata guda na ƙara kafin in sami jirgin Jidda. Ranar tafiya Karmela ta cusa mini leshin a aljihu, ta ce in kai wa matarsa.

Labari ya riga ni isa Mahjar. Na tarar da Goggo a cikin takaba, kaskon ƙosai a kife. Na durƙusa a gabanta na kasa ɗaga kai.

"Wa ya yi masa wanka?"

"Ni, Goggo."

"An sa masa likkafaninsa?"

Na riga na gaji da ƙarya. Na faɗa mata duka, na miƙa mata leshin. Ta daɗe tana jujjuya shi, ta kai hanci ta shinshina.

"Matan nan sun iya wanki," in ji ta. Sannan ta fashe da kuka, kuma ba ta taɓa yi mini gorin jakar nan ba har ta koma ga Allah.

Yanzu Mahjar ɗin da na sani babu ita, siton fata an rushe, ba a sauke kwando a Jidda, kuma da an kira salla ƙofofin ƙarfe ake ja. Leshin yana wurina, a cikin akwatin da na ajiye nawa likkafanin.

To Nasiru, ga amsarka. Duk abin da aka gaya maka game da garin nan gaskiya ne, ban cire ko ɗaya ba. Ka je. In za ka yi salla, ka sa jakarka a tsakanin ƙafafunka. In ka gama sarin takalmanka, ka hau tudun nan ka nemi gefen da ake sa baƙi. Ban sani ba ko alamar da na kafa a kabarin Kawu tana nan. In ba ka gan ta ba, ka fuskanci teku ka yi sallama da Hausa, ba da Larabcin nan naka ba. Tun ranar da na baro shi, ba wanda ya gaishe shi da harshen gida.